Ko Ka Sani? Abinci Ne Ke Tsayar da Lokacin Haihuwar Shanu a Ƙasar Kano

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har zuwa Bichi da Makoɗa da Dambatta, ba a raba bijimi da garke a kowane lokaci na shekara, amma duk da haka haihuwar shanu ta fi yawa daga ƙarshen bazara zuwa cikin damina. Dalilin yana jikin saniya. Tana ɗaukar ciki na kwana 280 zuwa 290, wato wata tara da 'yan kwanaki, kuma ba ta neman bijimi sai jikinta ya murmure, saboda haka wadda ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa ta karɓi barbara a Agusta ko Satumba za ta haihu a Mayu ko Yuni, wadda kuwa ba ta samu ba sai da kaka, sa'ad da aka saki dabbobi cikin gonakin da aka girbe, haihuwarta za ta kai Agusta ko Satumba mai zuwa.

A manyan wuraren kiwon shanun nama na Amurka, irin na jihohin Nebraska da Montana, mai shanu ne ke tsayar da wannan lokaci da kansa, domin yana killace bijimai, ba ya sakin su cikin shanu sai na kwana 60 zuwa 90, ta yadda maruƙa za su zo lokacin da sanyi ke janyewa, sabuwar ciyawa kuma ta tarar da iyayen suna shayarwa. A ƙasar Kano lissafin ya kife, musamman ga shanun da ke haihuwa kafin ruwa ya zauna.

Yankin da ke kewaye da birnin Kano, wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinsa tun cikin shekarun 1960, ya shahara da cunkoson jama'a da gonaki, inda ake noma kusan kowane fili duk shekara ba tare da an bar shi saura ba, makiyaya ta ƙuntata, burtali kuma ya tsuke. Don haka rayuwar shanu da rani ta rataya ne a kan abin da gona ta bari, wato karan dawa da na gero, da harawar wake da ta gyaɗa, da ƙowa da dusa, sai kuma 'ya'yan gawo, itacen da ke fitar da ganye da rani ya zubar da damina. Zuwa Maris da Afrilu wannan tanadi ya kusa ƙarewa, harawa ta yi tsada, alhali a daidai wannan lokaci ne ɗan da ke cikin saniya ke yin kusan kashi biyu cikin uku na girmansa, domin a wata ukun ƙarshe na ciki yake tara nauyi. A gidaje da yawa abin da ya rage na harawa da dusa yakan tafi ga shanun huɗa da ake shiryawa don damina, ko ga bijimin turke da ake kiwatawa don kasuwa, saniya mai ciki kuwa a bar ta da busasshen kara, kuma wannan rabo asara ce da ba a ganinta nan take.

Saniyar da ta haihu a rame tana haifar maraƙi ƙarami marar ƙarfi, nononta ba ya yawa, sannan tana daɗewa ba ta sake neman bijimi ba, musamman da yake shayarwa ita ma tana jinkirta hakan. Kafin saniya ta riƙa haihuwa duk shekara, dole ta sake ɗaukar ciki cikin kimanin kwana 80 bayan haihuwa. Binciken da aka yi a garkunan Fulani na Jihar Kaduna cikin shekarun 1980 ya nuna cewa farar saniya, wadda ake kira Bunaji, ba ta yin haihuwar fari sai ta kai kimanin shekara 5, kuma tazarar haihuwarta wajen shekara 2 ce, amma a cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, inda ake ciyarwa da kyau, irin wannan saniya tana fara haihuwa da wuri, tazarar kuma tana raguwa ƙwarai.

Idan haihuwa ta gabato, hantsa takan cika, gindin wutsiya ya saki, saniya ta ware kanta daga garke, maraƙi kuma ya fito da ƙafafun gaba, hancinsa a kansu. Shanun gida ba su cika shan wahalar haihuwa ba, domin maraƙin Bunaji bai fi kilo 20 zuwa 25 ba, amma karsanar da aka yi wa barbara da irin shanun Turai tana bukatar sa ido, tun da ɗanta yakan fi haka girma.

Abin da ya fi komai muhimmanci a ranar farko shi ne dakashi, wato nonon farko mai kauri da launin rawaya. Mahaifar saniya ba ta miƙa wa ɗan da ke ciki sinadaran kariya daga cuta, saboda haka maraƙi yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki sai wadda zai samu a dakashi, kuma hanjinsa ya fi iya tsotse waɗannan sinadarai a cikin awa 6 na farko, bayan awa 24 kuwa wannan dama ta wuce. Maraƙin da aka tatse wa dakashi, ko aka kai shi dangwali, wato igiyar ɗaure maruƙa, kafin ya sha ya ƙoshi, shi ne zawo da ciwon cibiya ke saurin kayarwa.

Ɓarin ciki a watannin ƙarshe, tare da maƙalewar mabiyiya, alama ce da ake zargin bakkale da ita, cutar da ke yaɗuwa cikin garke kuma take kama mutum ta hanyar shan madarar da ba a tafasa ba ko taɓa abin da aka ɓarar da hannu. Ya kamata a binne shi, a ware saniyar, a kira malamin dabbobi, haka kuma idan mabiyiya ta wuce yini guda ba ta faɗo ba.

Mai saniyar da aka yi wa barbara da damina ya ƙidaya watanninta tun daga ranar, ya ware mata nata kason harawa tun da kaka, ya ajiye shi domin Maris da Afrilu da Mayu, ya haɗa mata da dusa da angurya da kanwa gwargwadon ƙarfinsa.