Rumfar Wasa a Ƙasar Noman Rani

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ya san yadda ƙasar Kura ke zama kore shar ko da tsakiyar rani. Wannan albarka ta samu ne tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka jawo ruwan Kogin Kano ta manyan magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Amma ruwan nan ya zo da wata wahala wadda malaman makaranta suka fi kowa saninta.

A watan Afrilu zafi yakan kai digiri 40. In aka tashi daga makaranta, yara ba su da wurin wasa mai sanyi sai magudanan nan. A cikinsu kuwa akwai ƙananan katantanwa masu ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga jiki ta fata. Daga nan sai fitsarin jini, da rama, da kasala a aji. Hani da baki kaɗai ba ya raba yaro da ruwa, sai an ba shi inda ya fi masa daɗi. Don haka muke ba da shawarar a gina filin wasa mai rufi.

Filin wasa ginanne ba baƙon abu ba ne a Arewa. Tun a shekarun 1920 ɗalibai ke buga ƙwallon bango da tafin hannu, watau Fives, kuma marigayi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya shahara a kansa. Akwai kuma wani wasa mai suna fikilbol, wanda aka ƙirƙiro a jihar Washinton ta Amurka a 1965. Mutum biyu ko huɗu ke yinsa da ɗan allo mai mariƙi da ƙwallon roba mai huji, a tsallaka raga. Filinsa ƙafa 44 ne a tsawo, 20 a faɗi. Ƙanƙantar nan tasa ita ta sa rufe shi da kwano ba zai gagari gari ba, alhali kuwa filin ƙwallon ƙafa ba ya rufuwa. Ba ya bukatar gudu mai yawa, saboda haka dattijo ma yana iya karawa da jikansa.

Amfanin rufin bai tsaya ga wasa ba. Da zafin rana akwai inuwa, da ruwan Agusta kuma ba a fasa motsa jiki. Da safe sai wurin ya zama ajin yaƙi da jahilci, ko wurin rigakafin yara, ko zauren da manoma za su zauna su daidaita rabon ruwa. Da kaka, mai shanyar shinkafa yana da inda zai ruga da buhunansa in hadari ya taso.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Lalle rufin ya yi tsawo, a bar gefuna a buɗe domin iska, kada kwano ya mai da wurin tanda. A yi daɓen siminti mai ɗan gangare don kada ruwa ya kwanta. A keɓe wa 'yan mata lokacinsu. Sannan a damƙa wurin a hannun mutum guda wanda za a tambaya in abu ya lalace, gama kayan kowa shi ne kayan ba kowa.

To, malamai da akawunan ƙananan hukumomi, ku ne masu rubuta takarda da tsara kasafi. Muna roƙonku ku kai maganar nan gaban hakimai da dagatai da ƙungiyoyin manoma, a fara da rumfa ɗaya kusa da makarantar da ta fi kusa da magudana. Allah ya ba yaranmu lafiya, amin.