Birkin bayan tsohuwar Hilux: yadda ake gane matsala kafin a je gareji

Tsofaffin Toyota Hilux da ke ɗaukar rake a Makarfi da Kudan, ko tumatir a Ikara, birkinsu na baya dirom ne: kwanon ƙarfe mai juyawa tare da taya, da layini biyu a ciki masu buɗewa su riƙe shi. A rufe yake, shi ya sa ruwa da laka kan shiga su zauna.

Idan mota ta ratsa ruwa birki ya ƙi kamawa, layinin ne ya jiƙe. A tafi a hankali ana taka birki kaɗan-kaɗan har ya bushe.

Wanda ya fi haɗari shi ne birkin da ya yi laushi yana nutsewa ƙasa. Galibi iska ce ta shiga, ko ƙaramar silindar cikin dirom ke yoyo. Fitilar waya ta isa: a haska bayan tayar. In an ga danshi, mai na zuba, ko na birki ko na giyar baya, kuma layinin da ya sha mai sai canji, dama da hagu tare. Ƙara man birki kawai, kamar yadda wasu direbobi ke yi, ɗaga ranar hatsari ne.

Ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe kuwa, layini ya cinye. A ɗauki sautin da waya a tura wa bakanike ta WhatsApp, kuma kada a yi lodi sai an buɗe dirom ɗin.