Haƙar ma'adinai: Haƙƙin leburan rami da lafiyar iyalinsa

A shekarar 2024 wani ramin haƙar zinare ya rufta a dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa ƙaramar hukumar Toungo ta Jihar Adamawa da Gashaka ta Jihar Taraba, inda rahotanni suka ce ana fargabar mutum fiye da 20 sun rasu. Irin wannan rashi kan bar mata da yara babu mai ciyar da su, kuma sau da yawa babu ko sisin diyya, domin ramin ba shi da rajista, leburan kuma ba shi da takardar ɗaukar aiki.

Alhali doka ta yi tanadi. Dokar ma'adinai ta 2007 da ƙa'idojinta na 2011 sun ɗora wa mai lasisi alhakin kare lafiyar masu yi masa aiki, kuma Ma'aikatar Ma'adinai ta tarayya tana da sashen sufetoci masu duba wuraren haƙa. Dokar ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba aiki a ƙarƙashin ƙasa. Dokar biyan diyya ta 2010 kuwa ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da yake biya a asusun NSITF, daga aljihunsa, ba daga kuɗin lebura ba. Wanda ya ji rauni ya sanar da ubangidansa cikin kwana 14. Idan rai ya yi halinsa, iyalinsa ne ke da haƙƙin diyyar.

Shi ma leburan yana da nasa nauyin. Kafin ya shiga rami ya nemi a koya masa yadda ake tokare bango, da alamun zaftarewar ƙasa musamman da damina, da haɗarin kunna janareta a inda iska ba ta shiga. Hular kwano da takalmi mai ƙarfi da takunkumin tace ƙura wajibi ne a gare shi. Masu haƙa da hannu da suka haɗu suka yi rajistar ƙungiyar gama kai sun fi samun lasisi da horo daga hukuma.

Haɗarin yakan bi mutum har gida. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, saboda ana niƙa duwatsun zinare a tsakar gida inda yara ke wasa. Haka masu fasa dutse a kewayen Yola da Jimeta: ƙurar da suke shaƙa tana taurara huhu a hankali, tana kuma buɗe ƙofa ga tarin fuka.

Don haka, uwargida, kada a yarda a niƙa dutse ko a shanya ƙasar ma'adinai a cikin gida. Maigida ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro, a kuma wanke kayan aikinsa daban. Mai ciki da ƙananan yara su nisanci wurin haƙa. Idan tari ya wuce mako biyu, ko yaro ya fara jijjiga ba tare da zazzaɓi ba, a garzaya asibiti, a faɗa wa likita irin sana'ar da maigidan yake yi.