Cinyar uwa da hanyar gidan likita: yadda Kiristoci ke kallon lallashin yaro

Duk wanda ya tashi a karkara ya san abin nan. Yaro ya faɗi a gona ko kunama ta harbe shi, ubansa na tsaye kusa da shi, amma sunan da zai fara fita daga bakinsa shi ne "Inna!" Ƴan'uwanmu Kiristoci da muke zaune tare da su a Maraɗi, Tsibiri, Galmi, Damagaram da Yamai suna da nasu bayani a kan wannan kira, kuma ya dace a ji shi ko da mutum ba addininsa ba ne. A wurinsu lallashin da uwa ke yi wa ɗanta aiki ne da Allah ya ɗora mata, har ma ya kwatanta kansa da shi.

Ayar da suka fi kafa hujja da ita tana cikin littafin annabi Ishaya, sura 66 aya 13. Maganar an yi ta ne ga mutanen Urushalima, waɗanda aka rushe garinsu, aka kwashi da yawansu zuwa Babila. Da Allah ya tashi yi masu alkawarin kwantar masu da hankali, sai ya ɗauko misalin mace mai lallashin ɗanta. Ayar da ke gabanta ma ta ambaci ɗaukar yaro a kwiɓi da yi masa wasa a kan gwiwa. A sura 49 kuwa an yi tambaya ko mai shayarwa za ta iya mance jaririnta, aka ce ko da ita ta mance, Allah ba zai mance nasa ba. Masana harshen Ibrananci sun nuna cewa kalmar jinƙai a wannan harshe tushenta ɗaya da kalmar mahaifa. Haka abin yake a Larabci, inda muka aro kalmar rahama. To kun ga a nan Musulmi da Kirista ba su yi nisa da juna ba.

Sai dai a lura da kalma ɗaya. Mu idan an ce ta'aziyya, gaisuwar mutuwa muke nufi. A bakin Kiristoci masu Hausa kalmar ta fi haka faɗi: duk abin da zai sanyaya zuciyar mai baƙin ciki, ya maido masa da ƙarfi, ta'aziyya ne. Uwar da ta share wa yaro hawaye saboda an yi masa dariya a lakwal, a wurinsu ta'aziyya ta yi.

Akwai wani labari a littafin Sarakuna na Biyu, sura 4, wanda in ka ji shi sai ka ɗauka a wani ƙauyen Tasawa ko Madawa ya faru. Lokacin girbi ne. Wani yaro a garin Shunem ya bi ubansa wurin masu yankan hatsi, sai ya fara kukan ciwon kai. Uban bai bar aiki ba, bara ya sa ya kai shi gida wurin uwarsa. Ta rungume shi a kan cinyarta har rana ta take tsaka, yaron ya cika. Abin da ta yi bayan nan shi ne masu wa'azi suka fi tsayawa a kai. Ta kwantar da shi a ɗakin da suka gina wa annabi Elisha, ta rufe ƙofa, ta nemi jaki da bara guda. Maigidan ya tambaye ta dalilin tafiya tunda ba ranar ibada ba ce, ba ta tsaya dogon bayani ba. Ta kama hanya har dutsen Karmel, ta ƙi dawowa sai da annabin ya biyo ta, kuma labarin ya ƙare da yaron ya tashi da rai.

Abin da Kiristoci ke cirowa a nan shi ne lallashi yana da ƙafa biyu. Akwai zaman nan na safe zuwa tsakar rana, wanda ba magani a ciki, yaro dai yana jin ɗumin uwarsa. Akwai kuma ɗaura wa jaki kaya. Uwar da ta tsaya a na farko kaɗai, tana goyo tana addu'a alhali jikin yaro ya yi zafi kamar garwashi, yana jijjiga ko wuyansa ya sanƙare, ba ta cika aikin ba. Jakin yau shi ne kabu-kabu ko amalanke, dutsen Karmel kuma gidan likita mafi kusa. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, ko da yake duk mun san magani kan yanke a wasu wurare. Da damina kuma ma'aikatan lafiya na zagawa da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata. Mishan ɗin SIM da ta kawo bishara yankin nan, ita ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950, shi ya sa tsofaffin Kiristocin wurin ba sa ganin addu'a da allura a matsayin kishiyoyi. Maigidan da ke hana kuɗin mota ko izinin fita, shi ma sai ya dubi kansa a cikin mijin matar Shunem.

Inda maganar ta fi wuya shi ne kan kunyar ɗan fari. Al'adarmu ta ce uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ke riƙonsa. Kiristocin Nijar da suke Hausawa, yawancinsu a cikin wannan kunya suka girma, kuma ba laifi ba ce, kara ce. Amma yaro ɗan shekara 4 bai san kara ba. Abin da ya gani shi ne ƙanensa ya yi kuka an ɗauke shi, shi ya yi an kau da kai. Littafin Kiristoci bai ware ɗan fari daga lallashi ba. Hannatu, uwar annabi Sama'ila, ta ba da ɗanta na fari ga hidimar ɗakin Allah tun yana ƙarami, amma duk shekara sai ta ɗinka masa ƴar riga ta kai masa da hannunta. Mace na iya riƙe kunyarta a tsakar gida, ba ta kira suna ba, amma in dare ya yi ta taɓa goshin yaron, ta ajiye masa furarsa daban. Yaro na gane wannan.

Haka batun tsoratarwa. "Yi shiru ko dodo ya zo", "yi shiru ko in kira mai allura": kukan zai tsaya, amma tsoro ya ƙaru, ga shi an sa masa ƙin likita. A koyarwar Kirista ƙarya ƙarya ce ko ga yaro aka yi ta. In allura da zafi, a ce masa da zafi, amma ga ni nan riƙe da kai. Ba su yar da horo ba, littafin Karin Magana cike yake da zancensa, sai dai wasiƙar Bulus zuwa ga Kolosiyawa ta gargaɗi iyaye maza kada su matsa wa yara har zuciyarsu ta karai.

To ita uwar fa, in nata ƙarfin ya ƙare? Littafin bai ɓoye wannan ba. A Farawa sura 21, ruwan salkar Hajara ya ƙare a jeji, ta ajiye Isma'ilu ƙarƙashin wani ɗan itace, ta koma nesa ta zauna tana kuka don ba ta iya kallon mutuwarsa, sai da Allah ya buɗe mata ido ta ga rijiya. Mu nan ba sai an fassara mana wannan ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, a kan hanyar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne, 33 mata, akasarinsu daga yankin Kance. Annabi Irmiya ma ya ambaci Rahila tana kukan ƴaƴanta, ta ƙi karɓar lallashi, kuma ba a zarge ta ba. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa mutum na ta'azantar da wani ne da ta'aziyyar da shi ma ya samu. Wannan ne ya sa a majami'u matan Zumunta ke zuwa gidan wadda ta haihu, ko ta yi ɓari, ko ta rasa yaro, su yi mata daka da ɗebo ruwa, su zauna da ita. Maƙwabtansu Musulmi ma haka suke yi wa juna, galibi ma tare ake zaman.

Ga ƴan'uwa da ke Agadas, Libiya, Aljeriya, Legas ko Abijan, waɗanda suka bar yara hannun kaka ko kishiya, kuɗin da kuke aikowa na sayen hatsi da sabulu, Allah ya saka. Amma in kun kira talho, bayan kun gama da manya, ku ce a miƙa wa yaron. Ku tambaye shi abin da ya ci, wa ya buge shi, ina akuyarsa. In layin ba kyau, a yi masa saƙon murya ta WhatsApp da sunansa a ciki, a roƙi mai talhon ya riƙa kunna masa in dare ya yi.