Katin banki ko tsabar kuɗi: Me ya kamata mahajjaci ya sani kan guzurinsa?

A ranar 9 ga watan Zul-Hijja, mahajjata kan taru a filin Arfa, kimanin kilomita 20 daga Makka, sanye da harami marar aljihu. Sai dai kusan kowa yana ɗaure da ɗamara ko rataye da jakar da ya adana guzurinsa. Yadda wannan guzuri zai kasance, tsaba ko kati, batu ne da ya tayar da ƙura a Najeriya.

Gabanin aikin Hajjin 2025, Babban Bankin Najeriya, CBN, ya so a biya maniyyata kuɗin guzurinsu na dala 500 ta cikin kati. Masu ruwa da tsaki sun nuna damuwa cewa da yawan alhazai mutanen karkara ne da dattawa waɗanda ba su saba da na'urar cirar kuɗi ba. A watan Afrilu, bayan Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya shiga tsakani, bankin ya amince a ba su tsaba.

Me ya sa ake matsa batun kati?

Saudiyya tana hanzarin rage hada-hada da takardun kuɗi. Babban bankin ƙasar, SAMA, ya ce kashi 79 cikin 100 na cinikin yau da kullum a 2024 an biya shi ne ta na'ura. Sannan idan kati ya ɓace ana iya rufe shi, amma tsabar da ta salwanta a cunkoson Mina ko wajen jifa da wuya ta dawo.

Kati ma yana da nasa tsadar. Banki kan caji kuɗi duk lokacin da aka ciri riyal, kuma da farashinsa ake yin canji. Idan na'ura ta ba da zaɓin biya da riyal ko da kuɗin gida, zaɓen riyal ya fi sauƙi a mafi yawan lokuta.

Nawa ne guzurin a zahiri?

Tun 1986 aka ɗaure riyal a kan 3.75 ga dala ɗaya, don haka dala 500 riyal 1,875 ce. Wanda bai biya kuɗin hadaya tun daga gida ba, zai tarar cewa a shirin Adahi an sayar da ita riyal 720 a 2025, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na guzurin. Abin da ya rage shi zai ɗauki nauyin layin waya da motar haya da tsaraba na tsawon makonni. Mahajjacin da ya ƙarar da kuɗinsa a kasuwannin Madina yakan iso Arfa hannu rabbana.

Katin cirar kuɗi da katin bashi

Katin cirar kuɗi, wanda aka fi sani da katin ATM, yana ɗiba ne daga abin da mutum ya ajiye. Katin bashi kuwa banki ne ke biya, mai katin ya mayar daga baya, kuma idan wa'adi ya wuce sai kuɗin ruwa ya hau.

A nan ne malamai suka ja hankali. A zamanta na Riyadh a shekarar 2000, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bai halatta a yi amfani da katin bashin da aka gindaya wa sharaɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin wa'adi. Ta halatta wanda ba shi da wannan sharaɗi. Dama Hajji bai wajaba ba sai a kan mai iko.

Bashin yana bin mutum gida

A Najeriya, dokar 2017 ta tsara yadda kamfanoni irin su CRC da FirstCentral da CreditRegistry ke tattara tarihin bashin jama'a, kamar yadda SIMAH ke yi a Saudiyya. Daga wannan tarihi ake fitar da makin da banki ke dubawa kafin ya ba da rance. Ɗan kasuwar da ya ci bashi don tsaraba ya kasa biya a kan lokaci, yana iya rasa rancen jari bayan ya koma gida.

Hanyar da ta fi daɗewa ita ce tari sannu a hankali. Malesiya ta fara asusun adashin alhazai tun 1963, wanda aka sani da Tabung Haji. A 2020 hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta ƙaddamar da irinsa tare da bankin Jaiz. Bayan kujerar Hajji ta haura naira miliyan takwas a 2025, ga ma'aikaci ko ƙaramin ɗan kasuwa shirin tsayuwar Arfa ya zama tanadin shekaru.