Baƙin gilashi a cikin kwalekwale: abin da hoton Sallah ba ya nunawa

Duk bayan Sallah, in ka buɗe Facebook ko TikTok, ko ka leƙa sitatus ɗin matasan yankinmu a WhatsApp, akwai hoton da sai ka ci karo da shi: saurayi ko budurwa zaune cikin kwalekwale, ruwa shimfiɗe a baya, baƙin gilashi ya rufe rabin fuska. Mu mutanen Ƙofa da sauran garuruwan Kusada da Kankiya ba mu da teku, ba mu da wani babban kogi, amma muna da madatsun ruwa. Akwai dam ɗin Kusada, akwai na Kankiya. Wanda ya samu kuɗin mota, kuma hanya na da lafiya, sai ya wuce Dutsinma ya ga Zobe, wanda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa.

To, ka sake duba hoton da kyau. Can ƙarshen jirgin akwai mai tuƙi. Shi ba gilashi a fuskarsa, ya ƙanƙance ido, farin idon ya yi ja. Masu gayun minti talatin za su yi su sauka, shi kuwa nan ya wuni jiya, nan zai wuni gobe. Sannan sau da yawa akwai mutum na uku da hoton ya ɓoye: wanda likita ya rubuta wa gilashin magani, wato medikal kamar yadda muke cewa, ya cire ya jefa aljihu, ya ari na abokinsa mai duhu don kada a ce masa "mai ido huɗu" a ƙarƙashin hoto. Ya yi kyau kam, amma bakin gaɓa dishi-dishi yake ganinta.

Matsala biyu ce ido ke fama da ita a kan ruwa, kuma mutane na haɗa su wuri guda. Ta farko ita ce ƙyalli, hasken nan da ke dukan ruwa ya dawo maka a ido har ka ji kanka na sarawa. Wannan kana ganinsa. Ta biyu ita ce hasken UV, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, ba ya kuma yin zafi a lokacin da yake shiga. Mu nan muna wajen digiri 12 ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana kusan a tsakar ka take wucewa. Ka duba manhajar yanayi a wayarka da tsakar rana a watan Afrilu, wajen da aka rubuta UV: ba abin mamaki ba ne ka ga 11 ko fiye, matakin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun mafi tsanani. Hazon hunturu ma ba ya tare shi duka.

Abin da ya sa na ce a raba su shi ne, duhun gilashi maganin ta farko ne kawai. Kariya daga UV ba ta da alaƙa da launi, daga irin robar da aka yi gilashin da ita take zuwa, ko daga wani shafi da aka yi masa a masana'anta. Za ka iya samun gilashi fari tas da ke tare UV gaba ɗaya, ka kuma samu baƙi ƙirin, irin wanda ake kira "no respect", da ke barinsa ya wuce. Na biyun nan shi ne abin tsoro. A tsakiyar baƙin idonka akwai 'yar ƙofa da ke tsukewa in haske ya yi yawa, ta buɗe in an shiga duhu. Da ka sa baƙin gilashi sai ta ɗauka magariba ta yi, ta buɗe, kai ma ka daina ƙanƙance ido. In gilashin ba ya tare UV, ka ga ka cire mai gadi ka bar ƙofa a wangale.

Ba wai duk gilashin da ake sayarwa a tasha ko a faranti ranar kasuwa ne na banza ba. Da yawa daga cikin masu arahar ma suna tarewa. Matsalar ita ce ba ka da hanyar sani da ido, kuma 'yar takardar nan ta "UV400" da ake mannawa, kowa na iya buga ta.

Me UV ɗin ke yi? Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai walda ya san ɗanɗanon na gaggawa: da rana lafiya lau, cikin dare sai ido ya kama zafi kamar an watsa yashi, hawaye na zuba. Ƙunar fatar gaban ido ce, kuma wuni guda a rana mai ƙarfi a kan ruwa na iya jawo irinta. Wannan yakan warke cikin kwana ɗaya ko biyu. Na dogon zango ne ba ya sallama. Akwai 'yar tsokar nan da ke tsirowa daga gefen farin ido, galibi ta wajen hanci, tana rarrafowa kan baƙin. Turawa suna mata laƙabi da ciwon idon masu wasan igiyar teku, amma ka dubi idon tsofaffin masunta da manoman rani da 'yan acaɓa, za ka same ta. Rana da iska da ƙura ne ke renonta, mu kuma dukkansu uku Allah ya hore mana. Sai kuma yanar ido.

A kan yanar ido, ɗaya daga cikin binciken da aka fi ambata a duniya a kan masunta aka yi shi. A 1988, wani likitan ido mai suna Hugh Taylor da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon duba idon mutum 838 masu kamun kifi da ƙaguwa a mashigin ruwan Chesapeake da ke Amurka. Sun gano cewa waɗanda idonsu ya fi shan hasken UV tsawon shekaru sun fi kamuwa da wani nau'in yana da ke farawa daga gefen madubin cikin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na makantar da yana ke jawowa na iya zama daga wannan haske. A gida kuma, binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yana ce kan gaba wajen jawowa. Ba rana kaɗai ke kawo yana ba, tsufa ne babban dalili, ga ciwon suga, ga taba. Amma rana ita ce wadda za ka iya ragewa da abin da bai kai kuɗin datar wata ba.

Yanzu ga mu masu medikal, tunda mu ne a tsaka mai wuya. Maganar cire shi a sa na aro a kan ruwa ba ta taso ba. Dam ba tafkin wanka ba ne: akwai kututture a ƙarƙashi, akwai komar da masunta suka shimfiɗa, akwai wani jirgin da ke tahowa. In wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, wanda bai ganin nesa bai ma san ta ina gaɓa ta fi kusa ba.

Zaɓi mafi kyau shi ne a yanka maka gilashi na biyu da lambar idonka, mai duhu, mai tare UV. Yana da tsada, ba kowane ɗalibi zai iya ba. Mai sauƙin shi ne wanda ake maƙalawa a kan medikal ɗin da ɗan maƙali, ko babban da ake ɗorawa a samansa gaba ɗaya. Na san na ƙarshen nan bai da farin jini a hoto, kamar wanda aka yi wa aikin ido jiya, amma yana rufe gefe, kuma ta gefe haske da iska ke satar hanya.

Sai wanda ya fi yawa a fuskokin ɗalibai yanzu, mai canza launi, wanda ke yin duhu in an fita rana ya washe in an shiga ɗaki. Wajen tare UV yana aikinsa. Abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne zafi na rage masa duhu. A ranar bazara ta Katsina, lokacin da ka fi buƙatarsa, ba zai yi baƙin da yake yi da sanyin safiyar hunturu ba. Kuma yawancinsu ba sa kashe ƙyallin ruwa, dusashe shi kawai suke yi.

Mai kashe ƙyalli shi ne wanda za ka ga an rubuta Polarized a hannunsa. Hasken da ya daki shimfiɗaɗɗen ruwa ya dawo, yawancinsa a kwance yake karkaɗawa. Shi wannan gilashi yana da wata matata a ciki da ke tare na kwancen ta bar sauran. Edwin Land, wanda ya kafa kamfanin Polaroid a Amurka, shi ya samar da irin wannan matata mai araha wajen shekarun 1930. In ka sa shi a kan ruwa da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ta karkata ƙyalli ya fi yawa, sai ka ga kamar an yaye wa ruwan mayafi: kana hango ciyawa da dutse da igiyar koma a ƙasa. Don haka masu jiragen ruwa da masu kamun kifi a ƙasashen waje suke rububinsa. Gwajinsa ba wuya. Ka riƙe shi gaban fuskar kwamfuta ko na'urar POS, ka juya shi a hankali. In na gaske ne, akwai inda fuskar za ta yi duhu sosai. Wannan kuma shi ne aibinsa ga masu ɗaukar bidiyo, don wani lokaci sai ka karkata waya kafin ka ga abin da kake ɗauka. A lura fa, wannan gwajin ƙyalli ne, bai ce komai a kan UV ba.

Na UV, hanyar da ta fi tabbas ita ce na'urar da wasu shagunan gilashi da asibitocin ido ke da ita, cikin daƙiƙu take nunawa. Akwai dabarar gida da 'yar fitilar nan mai shuɗin haske ta gane jabun kuɗi: ka haska takardar naira, alamun ɓoye su fito, sai ka sa gilashin tsakanin fitilar da kuɗin. In alamun suka ɓace, yana tarewa. Ba hukuncin ƙarshe ba ne, amma yana tona asirin na bogi sosai.

Wani abu kuma: ka leƙa cikin hannun gilashin, wasu na ɗauke da lamba daga 0 zuwa 4. Lamba 3 ita ce ta rana mai ƙarfi. Lamba 4 ta yi duhun da ba a yarda a yi tuƙi da ita ba, saboda haka kada ka sauka daga jirgi ka hau babur da ita. In rana ta faɗi kuma, kowace lamba ce, a cire.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma su ke cin kuɗi. Gilashi ba ya iyo. Ka sunkuya taɓa ruwa don hoto, shi ke nan ya tafi, kuma medikal ba a samun madadinsa a bakin dam. Igiya ko zaren roba a ɗaure a hannayensa ya zagayo ƙeya ya wadatar. In ruwa ya fantsama a kai, kada ka goge da bakin riga ko gefen hijabi alhali da ƙura a jiki, nan ne yake samun zane-zanen da ke ƙara ƙyalli. Ka ɗauraye da ruwa mai tsabta tukuna. 'Yan'uwana mata masu sa ɗan gilashin nan na cikin ido, musamman masu launi da ake saye a intanet don biki, don Allah kada a shiga jirgi da shi. Ruwan dam na iya ɗauke da wata ƙwayar cuta, Acanthamoeba, da ke maƙalewa ƙarƙashinsa ta ci gaban ido, kuma maganinta na da wahalar gaske. Ita kuwa rigar kariya daga nutsewa, ta riga kowane gilashi muhimmanci. Ba mu manta da yaran da suka rasu a ruwan Bagwai ta Jihar Kano a ƙarshen Nuwamban 2021 ba.

Lambar ido dai ba a sayenta a faranti ta hanyar gwada wannan a ajiye a gwada wancan. A fara da asibiti mafi kusa a nemi sashen ido, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Katsina. Akwai asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Masu auna ido da masu yanka gilashi suna da hukumar da ke musu rajista tun 1989, ba laifi ba ne ka tambayi mai shago ko yana da ita.

Ni dai wanda ya fi tsaya min a rai shi ne mai tuƙin nan na ƙarshen jirgi. A karkara har yanzu ana kallon baƙin gilashi a fuskar talaka a matsayin iyayi ko rashin kunya, yaro ba zai gaida dattijo da shi ba. Amma kakanninmu sun riga mu da malafa. Masu binciken masuntan Amurkan nan sun auna sun ga hula mai faɗin baki na rage kusan rabin UV ɗin da ke isa ido, sai ga shi samarin masunta sun ajiye malafa sun koma hana-sallah ko kai ba komai. Ƙungiyoyin ɗalibai da na cigaban gari da ke tara kuɗi don rabon kayan azumi na iya ware kaɗan su sayi gilashin da aka gwada a na'ura, da igiyarsa, da malafa daga kasuwar Charanci, su bi ta hannun Sarkin Ruwa. In shi ya fara sawa, sauran ba za su ji nauyi ba.