Allon zamiya a kan dusar ƙanƙara: yadda siffarsa ta kusa sa ni asarar jarrabawa

Ranar da na fara hawa dutsen Erciyes da allona a hammata, ji nake kamar babu wanda ya fi ni a duk faɗin Turkiyya. Dutsen yana kusa da birnin Kayseri inda nake karatu, tsayinsa mita 3,917, kuma da zarar hunturu ya kankama sai ya yi fari fat, ɗalibai su riƙa tururuwa can a ƙarshen mako. Allon na hannu ne, na saye shi a wurin wani ɗalibi da ya kammala karatu zai koma gida. Baƙi ne wuluk, dogo, yana ƙyalli. Kuɗin da na biya sun kai na abincina na wata guda, kuma ban tambayi mai shi komai ba sai farashi.

Ban yi mita ashirin ba na ji kamar an yi mini taɗiya, sai ga ni a kife. Na tashi na kakkaɓe jiki, na sake gwadawa, na sake kifewa. A faɗuwa ta uku na tokare da tafin hannun dama, wuyan hannun ya yi targaɗe. Saura mako biyu a fara jarrabawa, ga shi da wannan hannun nake rubutu.

Wani dattijo mai koyar da wasan ne ya ɗaga ni. Ya kwance allon daga ƙafata, ya ajiye shi a wuri mai shimfiɗa, ya zura yatsunsa ta ƙarƙashin tsakiyarsa. Sai na ga ashe tsakiyar ba ta taɓa ƙasa. Ya nuna mini cewa allon ba shi da wani aibu, na ƙwararru ne masu gudu, ni ne na yi masa shisshigi. A nan na fara sanin cewa waɗannan alluna da nake gani kamar duk ɗaya suke, kowanne da irin mutumin da aka yi shi dominsa.

Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska, mu da ke fama da zafin rana. To, da yawa daga cikinmu yanzu suna karatu a Turkiyya da Sin da Rasha, inda wannan wasa yake a bakin ƙofa. Ko a Afirka ana yin sa a Afriski ta ƙasar Lesoto da Oukaimeden ta Maroko, sannan akwai filayen cikin gini a Masar da Dubai. Wanda ya tsinci kansa a can, gara ya san abin da zai ɗaura wa ƙafarsa.

Wasan kansa ba tsoho ba ne. A shekarar 1965 wani Ba'amurke mai suna Sherman Poppen a jihar Mishigan ya haɗa sandunan zamiya guda biyu wuri ɗaya domin 'ya'yansa mata su yi wasa, aka raɗa wa abin suna Snurfer. Jake Burton Carpenter ya kafa kamfaninsa na Burton a 1977, kuma sai a 1998 wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta ƙasar Japan. Tun daga nan masu ƙera allunan suke ta sauya musu fasali.

Doro ko ayaba

Abu na farko, wanda kuma shi ya kayar da ni, shi ne lanƙwasar allon idan ka kalle shi ta gefe. Allona mai doro ne, wanda masu shago ke kira kamba. Tsakiyarsa a ɗage take, wurare biyu ne kawai ke taɓa ƙasa, ɗaya kusa da hanci, ɗaya kusa da wutsiya. Da ka tsaya a kai, nauyinka zai danne doron, sai kaifin ƙarfen da ke gefen allon ya kama ƙanƙara tun daga gaba har baya. Shi ya sa ƙwararru ke son sa. Yana riƙe hanya ko da ta daskare ta yi tauri, kuma idan mutum zai yi tsalle yana wurgo shi sama kamar bakan da aka saki.

Amma wannan kamun da yake yi shi ne makashin sabon shiga. Allon yana da kaifi biyu, na ɓangaren yatsu da na ɓangaren diddige. Idan kana gangarowa a karkace, dole kaifin da ke ɓangaren tudu ya zama shi ne a ƙasa, ɗayan kuma a ɗage. Ka ɗan yi sakaci kaifin ɓangaren gangare ya taɓa, nan take zai cije, allon ya tsaya cak, kai kuma jikinka ya ci gaba da tafiya. Wannan ita ce taɗiyar da na sha har sau uku. Allo mai doro ba ya yafe irin wannan kuskure ko kaɗan, saboda wuraren nan biyu kullum a danne suke suna jiran abin da za su cafka.

Kishiyarsa shi ne mai siffar ayaba. Tsakiya ce ke taɓa ƙasa, hanci da wutsiya kuma suna ɗage kamar kwalekwale. Kamfanin Lib Tech na cikin waɗanda suka yayata shi da wani allo mai suna Skate Banana. Tun da bakunan a sama suke, ba sa saurin cijewa, kuma juya allon ba ya buƙatar ƙarfi. Aibinsa shi ne idan gudu ya yi gudu ko hanya ta daskare, sai ka ji yana rawa a ƙarƙashinka, ba ya kama ƙasa yadda ya kamata. Tsakanin biyun akwai shimfiɗaɗɗe wanda ba doro ba ayaba, akwai kuma gauraye, misali doro a ƙarƙashin ƙafafu da bakuna masu ɗagewa. A ganina shimfiɗaɗɗen ko gaurayen ya fi dacewa da mai koyo, don mai ayaba zalla yakan sangarta mutum, ya saba da sakaci da kaifi.

Ina gaba, ina baya?

Abu na biyu shi ne fasalin allon idan ka kalle shi daga sama. Akwai wanda hancinsa da wutsiyarsa iri ɗaya ne sak, wurin ɗaura ƙafa yana tsakiya daidai. Tagwai ake ce masa. Masu son tsalle-tsalle da juyi a sama da zamewa a kan ƙarafa su ne ma'abotansa, saboda mutum na iya tashi da ƙafar hagu a gaba ya sauka da ta dama a gaba, allon bai san bambanci ba. Idan ka taɓa kallon Chloe Kim, wadda ta ci zinare a 2018 tana da shekara 17 ta kuma maimaita a 2022, ko Shaun White mai zinare uku, ka ga yadda suke juyawa a cikin ramin nan mai kama da rabin bututu, ka ga dalilin da ya sa suke buƙatar allon da ke tafiya ta kowane ɓangare.

Akwai kuma mai fuska ɗaya, irin nawa. Hancinsa ya fi tsawo da laushi, wutsiyarsa gajera ce mai tauri, an kuma ja wurin tsayawa baya kaɗan. An yi shi ne domin gangarowa da gudu ta fuska guda. A wasu, hancin ya fi wutsiya faɗi, har akwai waɗanda ake tsaga wutsiyar gida biyu kamar ta tsattsewa. Dalilin shi ne sabuwar dusar ƙanƙara da ta zubo cikin dare, wadda injin bai daddaɓe ba, laushi gare ta kamar garin tuwo. A cikinta so ake wutsiya ta nutse, hanci ya yi sama, mutum ya riƙa shawagi. Na ga masu yin haka a gefen dutsen, abin akwai ban sha'awa, sai dai ba wurin ɗan koyo ba ne. Ga wanda bai riga ya san inda zuciyarsa ta karkata ba, akwai tagwai mai ɗan fuska, wanda ya ɗebo kaɗan daga nan kaɗan daga can.

Duka allunan suna da ƙugu, wato tsakiyarsu ta fi bakuna siranta. Wannan lanƙwasa ta gefe ita ke sa allon ya yi kwana da kansa idan ka jingina shi a kan kaifi. Ƙugu mai zurfi kwana ce a takaice, marar zurfi kuma kwana mai faɗi ta masu gudu.

Maganar tsawo kuwa, an saba cewa ka tsayar da allon a gabanka, ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. Dattijon nan ya nuna mini cewa nauyin jiki ya fi tsayi muhimmanci, domin nauyi ne ke lanƙwasa allo, kuma kowane kamfani yana fitar da jadawalin nauyin da ya dace da kowane tsawo. Wanda ya sayar mini ƙato ne, ni kuwa siriri, ga allon ya kai mini har goshi. Ga shi da tauri. Kamfanoni kan auna tauri daga 1 zuwa 10, mai koyo kuma yana buƙatar na ƙasa-ƙasa, mai lanƙwasuwa da sauƙi. Nawa ko da na tattara ƙarfina duka da ƙyar yake motsi.

Wani abu da 'yan uwana masu manyan ƙafafu za su kiyaye shi ne faɗi. Idan takalminka ya kai lamba 45 ko fiye, nemi allo mai faɗi, in ba haka ba yatsu ko diddige za su leƙo waje su riƙa jan ƙasa duk lokacin da ka yi kwana. Mai ƙaramar ƙafa kuma kada ya ɗauki faffaɗa, zai sha wahalar sauyawa daga wannan kaifi zuwa wancan. Mata ma akwai allunan da aka yi musu, sun fi siranta da laushi.

Kuskurena mafi girma dai shi ne saye kafin gwaji. A gindin dutsen akwai masu ba da haya, kuma allunan hayar galibi masu laushi ne da aka tanada domin sababbin shiga. Da na yi haya sau uku ko huɗu, da na san ko ni mai son gudu ne ko mai son tsalle, da kuma wace ƙafa ce tawa ta gaba, domin ko wannan ban sani ba a lokacin. Haka kuma da na sa kariyar wuyan hannu, wadda ba ta kai kuɗin allon ko kusa ba, alhali wuyan hannu na cikin wuraren da masu koyo suka fi jin rauni. Hular kwano ce kawai na yi dabarar arowa.

Jarrabawar na rubuta ta da hannu a naɗe, a hankali, kuma a darasi ɗaya lokaci ya ƙare ban kai ga tambayar ƙarshe ba. Na dai tsallake, alhamdu lillahi. Bayan hannun ya warke na koma dutsen, na yi hayar shimfiɗaɗɗen allo mai laushi wanda ya tsaya mini a haɓa, kuma a ranar na gangaro hanyar masu koyo tun daga sama har ƙasa da faɗuwa ɗaya tak. Baƙin allon yana nan a jingine bayan ƙofar ɗakina. Abokin zamana ɗan Kazakistan ya taya shi sau biyu, ban sayar ba. Dattijon ya ce idan na yi hunturu biyu ina zuwa a kai a kai, in kawo shi mu gwada.